Maganar Likitan Kumasi

Magagi bai taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba, ko karatun allo bai yi nisa da shi ba, amma Allah ya ba shi kunne. A ƙauyensu na ƙasar Kurfai, gabas da Filinge, kowa ya san abin da ya shiga kunnen Magagi ya zauna ke nan. Da ƙuruciya ya yi wa wani makaɗin 'yan kokowa amshi, suna bin dandali har Abala, har Damana. Kirarin da aka yi wa ɗan kokowa sau ɗaya da Zabarmanci, shi da ba ya jin Zabarmanci sai na gaisuwa, zai maimaita maka shi bayan shekaru ba ragi ba ƙari. Da girma ya kama shi sai ya bar kiɗa, ya koma ga gona da tufkar igiyar kaba. Bakin ne dai bai bari ba. In yana tufka leɓensa na motsi, yana gunguni da duk abin da ya taso masa, shi kansa bai san yana yi ba.

Zaidu ne ɗansa na fari, shi kaɗai ne kuma namiji. Uwarsa Haske ta daɗe da rasuwa, 'yan matan duk aure ya kai su nesa. Magagi ba ya kiran sunansa saboda kunyar ɗan fari, sai dai ya ce "kai" ko "wancan", amma ranar da Zaidu ya kā da wani ƙato a dandalin Filinge, mutane sun ga tsohon ya juya baya yana share ido da hannun riga. Shekarar da fari ya ƙone hatsi tun bai fid da kai ba, daji kuma ya zama ba a kai dabba kiwo da kwanciyar rai, Zaidu ya bi samarin ƙauye zuwa Gana, wurin haƙar zinariya. Ya bar matarsa Anisa da ɗiya a goye. Da damina yakan dawo ya yi noma, da kaka ya koma.

A tafiyarsa ta ƙarshe aka bugo waya. Tahiru ne, wani yaron Damana da suke rami ɗaya. Ya ce ƙasa ta rufto wa Zaidu, an ciro shi da rai, yana kwance a wani asibiti a Kumasi. Magagi ya sayar da bijimin da yake kiwo, ya hau mota zuwa Yamai, daga can ya bi hanyar da direbobi suka ce tana biyuwa, har ya isa garin da bai taɓa ganin ganye mai yawa irin nasa ba.

Ya tarar da ɗansa kwance a rigingine, fuska ta faɗa, amma ido tar. Zaidu ya yi dariya ya ce, "Baba, ƙasa ce ta kā da ni, ba mutum ba." Ƙafafun na nan a miƙe cikin zane kamar an ajiye masa su.

Washegari da hantsi likita ya kira Magagi da Tahiru zuwa wani ɗan ɗaki. Dogon mutum ne mai furfura, mai sanyin murya. Ya ɗaga hoton ƙashi a jikin taga, ya nuna wani wuri da alƙalami, sannan ya zauna ya fara magana da Ingilishi. A hankali yake yinta, kuma ba Tahiru yake kallo ba, Magagi yake kallo, uba da uba. Ya daɗe yana yi. Da ya gama sai ya dafa kafaɗar tsohon.

"Mi yac ce?" in ji Magagi.

Tahiru ya sunkuyar da kai. "Ya ce ƙashin baya ya taɓu, Baba. Sai a hankali. A kai shi gida, a yi ta addu'a."

"Duk wagga magana ita ke nan?"

"Ingilishi haka shike. Tsawo gare shi."

Magagi bai ƙara tambaya ba. Ya ga idon yaron, ya kuma san akwai tambayar da in ka matsa, kai za ka kwana da amsarta. Amma kunne ya riga ya yi aikinsa. Maganar likita ta zauna masa daga farko har ƙarshe, da hawanta da saukarta, har da inda mutumin ya tsaya ya yi ajiyar zuciya. Da ita ya hau mota, Zaidu na shimfiɗe a kan katifa a tsakanin kujeru, da ita ya shigo ƙauye a amalanken jaki.

Bazara ce, zafi kamar ƙasa za ta tsage. Aka yi wa Zaidu gado a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Babu wanda ya kai shi ƙarfin zuciya a gidan. Ya sa aka ɗaura masa igiya a jikin azara, yana kama ta yana ɗaga ƙirji, yana ƙirga wa kansa da ƙarfi. Anisa na shafa masa man shanu a ƙafafu safe da yamma. An kawo mai ɗori daga wani ƙauye, ya lallatsa ya ce jijiya ce ta yi barci. An karɓo rubutu. Duk wanda ya zo gaisuwa Zaidu zai ce masa, "Shuka dai za ta wuce ni, amma noman hwarko da ni za a yi." Wata rana ya rantse ya ji babban yatsansa ya motsa. Anisa ta tsuguna tana kallon yatsan har tuwonta ya kama, ta ce ita ma kamar ta gani.

Magagi yana jin wannan duka, yana cewa amin. Maganar likita kuwa tana nan cikinsa kamar ƙulli a bakin zane, bai kwance ba, bai yar ba. Samarin da ke jin Ingilishi duk suna can Gana. Yana iya zuwa Filinge ya nemi mai fassara, ya sani, amma kullum ranar kasuwa ta zo sai ya sami dalilin da zai bari sai ta gaba.

Igiyar da Zaidu ke ja ta fara cinyewa, sai tsohon ya jiƙa kaba zai tufka masa wata mai kauri. Bayan azahar ne, Anisa ta tafi rijiya, iska ba ta ko motsa kara. Ya zauna a kan buzu a gefen gadon, ya danne bakin igiyar da yatsan ƙafa, yana murzawa a cinya. Hannu na aiki, baki ya kama nasa. Bai san tun yaushe yake yi ba sai da ya ji muryar ɗansa.

"Baba, wa yac ce haka?"

"Mi?"

"Abin da kake gunguni."

Magagi ya tsaya, kabar na hannunsa. Kunya ta kama shi irin ta wanda aka tarar yana magana shi kaɗai. "Likitanku na can ne, ranar da ya kira mu da Tahiru. Ta liƙe mani ga kunne." Sannan ya ce, "Ko kana jin abin da take nuhi?"

Zaidu ya ƙura wa azara ido. Wani ƙadangare ya bi ta kan danga ya wuce. Can Zaidu ya ce, "A'a. Ingilishina na sayen abinci ne."

Da yamma bai ci tuwo ba. Da safe da Anisa ta zo da man shanu ya ce ta bar shi, a sa wa yarinya a abinci. Da Magagi ya kawo sabuwar igiya zai ɗaura, ya ce, "Kai ta kasuwa, Baba. Mai jaki na so." Daga ranar ya daina yi wa masu gaisuwa zancen noma. Yakan juya fuska wajen danga ya bar su su gaji su tashi.

Kasuwar da ta zagayo, Magagi ya ɗauki igiyoyinsa ya tafi Filinge. Bai ko shimfiɗa su ba. Ya bar wa maƙwabcinsa na rumfa, ya shiga tambayar wanda ke koyar da Ingilishi a kwaleji. Aka yi masa kwatancen gidan Madam Samiratu, bayan tashar mota. Ya same ta a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa a faifai, mace mai matsakaicin shekaru, da madubin ido. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, suka gaisa har gajiya da zafi.

"Malama, wata magana na ɗauko ga kaina, ban san abin da ke cikinta ba. So nike ki buɗe mani ita."

"Babu takarda, Baba?"

"Babu. Ga kunne take."

Ya gyara zama, ya rufe ido, ya fara. Madam Samiratu ta ajiye faifan. Muryar wani mutumin Gana mai ilmi ce ke fitowa daga bakin tsohon manomi mai kaushin ƙafa, har da 'yar ajiyar zuciyar. Da farko mamaki ya kusa sa ta murmushi. Kafin ya kai tsakiya murmushin ya tafi.

"Wane ne ba shi da lahiya?"

"Wani yaro na gidana."

Ta cire madubin ta goge shi da bakin mayafi, ta mayar. Sai ta yi abin da ta saba yi a aji, ta kama maganar gaɓa-gaɓa, ko don ta ja wa kanta lokaci.

"Ta hwarin da ka ce, kanot, tana nuhin ba ya iyawa. Likita na cewa yaron ba ya iya jin ƙahwahunsa, ba ya iya motsa su."

"Wannan ido ya gani."

"Sai onebul. Ita ma kasawa ce, amma nan da kansu yake. Ya ce mun kasa gyara wurin da ya katse."

Magagi ya ɗago da sauri. "To, su ne suka kasa. Abin da ya gagari wani, wani na iyawa. Akwai Yamai. Akwai ƙasar Larabawa."

"Da nan ya tsaya, haka ne." Ta dubi shinkafar. "Amma ya ƙara da imfosibul. Wannan ko Faransanci akwai ta. Ba kasawar mutum guda ba ce, Baba. Abin da ba ya yiwuwa ke nan, a hannunsu ko a hannun wani."

"Mu a bakinmu ba a hwaɗin haka sai an ce in ba wani iko na Allah ba."

"Gaskiya ne. Shi iyakar saninsa ya hwaɗa."

"Saura ta ƙarshe, inda ya tsaya ya ja numhwashi." Ya sake faɗa mata ita, a hankali, yadda aka faɗa masa: hi wil neba wok egen.

Madam Samiratu ta ture faifan gefe. Daga waje ana jin kukan awaki da ake kora wa kasuwa. Ta ce, "Neba ita ce har abada. Ya ce ba zai sake tahiya da ƙahwa tasa ba."

Magagi ya ce innā lillāhi, bai ɗaga murya ba. Ya dubi tafin hannunsa da kaba ta yi wa kanta.

"Akwai saura a tsakiya," in ji ta, "kuma shi ne mai amfani gare ku yanzu. Ya ce a riƙa juya shi sau da yawa, dare da rana, kada ya kwana a gehe guda. A riƙa duba bayansa da ɗuwawunsa, don ba zai ji zahi ba ko da nama na ruɓewa. Ya ce gyambo ne abin tsoro. An gaya maku wannan?"

Ba a gaya masu ba. Tahiru da ya rufe mugun labari, da wannan ya haɗa ya rufe. Magagi ya tuna wani ɗan wari da ya fara ji kwanan nan in ya zauna kusa da gadon, wanda ya ɗauka na zafi ne da kwanciya.

Ya yi godiya ya miƙe. Ta rako shi har zaure, nan ta tambaye shi, cikin taka-tsantsan, ko shi mara lafiyar ya sani.

"Ba a hwaɗa mashi ba."

"To a bi a hankali. Tun da ya zauna Gana, kada a maimaita wannan a gabansa. Kalmomin ba masu wuya ba ne, ko ɗan aji ɗaya ya san su."

Magagi ya dafa bangon zauren. Ta ɗauka jiri ne na rana, ta ce ya koma ya ƙara shan ruwa. Ya ce a'a, hanya da nisa.

Bai koma ta kan igiyoyinsa ba. Ya kama hanyar gida a ƙasa, ta cikin gonakin da aka share ana jiran ruwa. Shi da ya yi tafiyar kwana da kwanaki ya ɗauko ɗansa, shi da ya ƙi tambaya don kada ya ji, ashe shi ne ya zauna a kan buzu ya rera wa yaron hukuncinsa kamar waƙar tufka. Ya yi ta neman wanda zai ji haushi, likita ko Tahiru ko ramin, haushin ya ƙi tsayawa a kan kowa.

La'asar sakaliya ya shigo. Ya kira Anisa ta kama masa, suka juya Zaidu. Da ta ɗaga zanen sai ta toshe baki da hannu. A ƙasan bayansa fata ta buɗe kamar faɗin tafin hannu, tsakiyar ta yi baƙi. Suka wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, Zaidu kuwa ko gezau, yana kallon danga. Da ta fita zubar da ruwan, ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Ka je ka tambaya."

"Na je."

"Da ka bari, Baba. Ni sai in hwaɗa maka."

Magagi ya zauna a bakin gadon. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, ya rasa yadda uba ke fara irin wannan.

Zaidu ya ce, "Jikina ya daɗe da gaya mani, ina ƙaryata shi. Bakinka ne ban iya ƙaryatawa."

An kai shi gidan likita a Filinge, aka yanke ruɓaɓɓen naman, aka ba su magani da auduga, aka nuna masu yadda za su riƙa yi. Gyambon ya tsaya bai ƙaru ba, bai kuma rufe ba. Ruwan farko ya sauka, ƙauye ya watse cikin gonaki, gidan ya zama daga Zaidu sai kaji.

Cikin wannan daminar Zaidu ya saki Anisa. Ba faɗa suka yi ba. Ya sa aka kira liman da wani dattijo, ya faɗa a gabansu. Anisa ta ce ita ba ta ji ba, ba inda za ta, wa zai wanke shi. Ya ce mata shekarunta kaɗan ne, ba zai ɗaure ta a gindin gado ba tana wankin tsumma har ta tsufa. Ta zo wurin Magagi ta durƙusa tana kuka, ta ce, "Baba, ka yi mashi magana." Magagi ya yi masa. Zaidu ya saurara har ƙarshe cikin ladabi, ya ce, "Abu guda ya rage da nike iya yi mata, ka bar ni in yi." Ta zauna ta yi iddarta tana jinyarsa kamar ba abin da ya faru. Da ta cika, yayanta ya zo da amalanke ya tafi da ita da yarinyar. Zaidu ya ce a juya shi wajen danga kafin su fita.

Gonar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, balle mai komawa gida kowane ɗan lokaci don ya juya majinyaci. Magagi ya nome rabinta, rabin ya bar wa ciyawa. Maƙwabta sun yi masa gayya sau ɗaya, kowa kuma da tasa gonar. Abin da aka girbe bai rufe gindin rumbu da kyau ba. Wata ɗiyarsa ta zo ta yi 'yan kwanaki ta koma ɗakinta. Matar maƙwabci ke miƙo tuwo ta kan danga.

Kullum da safe Magagi yakan ɗauko Zaidu daga ɗaki zuwa rumfa, da yamma ya mayar da shi. Yakan durƙusa, Zaidu ya sarƙe hannuwa a wuyansa, ya yi bisimilla ya miƙe, ƙafafun na jan ƙasa a bayansu. Zaidu ya rame ƙwarai, amma ƙashin ɗan kokowa ne.

Wata safiya bayan an gama shigar da hatsi, sun kai tsakiyar gida sai wani abu ya ɗaure wa Magagi ƙugu kamar an caka masa mashi. Gwiwarsa ta lanƙwashe. Ya yi ƙoƙari ya faɗi ta gefensa don kada ya danne yaron, suka zube tare a cikin rairayi. Ya yunƙura zai tashi, bayan ya ƙi. Ya sake yunƙurawa, gumi ya keto masa.

"Bari, Baba. Kada ka ƙara wa kanka."

Magagi ya ja jiki ya jingina da turmi, ya jawo kan Zaidu ya ɗora a cinyarsa don kada ƙasa ta shiga masa baki. Ya yi kira ta kan danga, ba wanda ya amsa. Ranar kasuwa ce, maƙwabta sun yi sammako, matan sun tafi rijiya. Rumfar na nan kusa, inuwarta ba ta iso su ba, rana kuwa tana ta hawa.

Magagi ya cire rawaninsa ya warware, ya riƙe shi da hannu biyu a saman fuskar ɗansa. Suka zauna suna sauraren ko za su ji takun wani a hanya.